Yadda Na Ɗauko Baban Talatu Daga Bayan Iyaka

Ku matso kusa ku ji, sau ɗaya zan faɗa, don bakina ya gaji. Tun da na dawo ban huta ba. A coci a tare ni, a famfo a tare ni, ina tsakiyar zuba wa 'yan masaƙa shinkafa da wake sai in ji an ce, "Maman Talatu, wai da gaske har ƙasar waje kika je?" Matan zumuntar cocinmu kuwa cewa suka yi ba za su ƙyale ni ba sai na rubuta, kowacce ta karanta da idonta. To ga shi nan. Ni aji huɗu na tsaya, in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri. Amma kunnena lafiyarsa ƙalau, abin da aka faɗa a gabana shi zan faɗa muku.

Kun dai san ni, ba na son tafiya. In an cire zuwa ƙauyenmu lokacin Kirsimeti, ko gadar Kaduna ba na son hayewa. Daga ɗakina a Kakuri zuwa rumfata a bakin masaƙa, daga rumfa zuwa coci, duniyata ke nan, kuma ta ishe ni. Maigidana, Baban Talatu, shi ne mai yawo. Direban babbar mota ne, yana kai atamfa Nijar. Ya haye da kaya, kafin ya sauke ya juyo sai muka ji a rediyo gwamnatin soja ta rufe iyaka, ba shiga ba fita.

Da farko ban damu sosai ba, na ce kwana nawa ne. Masu albasa da ke bi ta daji sukan kawo mini saƙonsa: yana lafiya, yana kwana a gindin mota, ba zai bar motar mutane a ƙasar mutane ba. Wata ya wuce, wani ya bi shi, har muka shiga na bakwai. Sai ran nan wani mai albasa ya zo rumfata, ya ƙi zama, ya ƙi cin abinci. Ya ce ƙarfe ya soki Baban Talatu, ƙafa ta kumbura har gwiwa, yana kwance a asibitin wani gari a can, likita yana maganar yankewa. Shi kuma ya rantse ba mai taɓa masa ƙafa sai a gida. Hanyar daji kuwa ta mai ƙafa biyu ce, mai iya gudu.

Akwai wani ɗan cocinmu, Malam Dogara, yana zaune a unguwar Television, yana buga tafireta a wani ofishin gwamnati a hayin kogi, wurin masu hulɗa da ƙasashen waje. Kullum in ya taso aiki yakan biyo ta rumfata. Na tare shi da kuka. Na ce, "Malam Dogara, ku da kuke cikin gwamnati, ka gaya wa gwamnati ta bar ni in ɗauko mijina."

Sai ya jawo kwanukan da na wanke ya jera su a kan benci.

Ya ce, "Maman Talatu, ke a ganinki gwamnati mutum ɗaya ce? Duba nan. Wannan kwanon mu ne, masu magana da ƙasashen waje. Muna da baki, amma ba mu da ƙofa. Wannan masu shige da fice ne, su suke duba mutum. Wannan kwastan, su suke duba abin da mutum ya ɗauko. Wannan soja, su aka ba gadin iyakar tun da aka rufe." Sai ya ɗauki cokali ya tura ƙarƙashin faranti. "Waɗannan kuma ba sa sa kaki, ba a kiran sunansu da ƙarfi. Kowanne da ubangidansa a Legas. In magana ta shafe su duka, irin taki, sai manyan su zauna a tebur ɗaya su yanke. In sun tashi, kowa ya koma ofishinsa ya buga wa yaransa sigina, wato oda ta rediyo. Soja ba ya jin siginar kwastan, kwastan ba ya jin tamu."

Na ce, "Wannan ai wahalar da kai ne."

Ya ce, "Ba don mugunta aka yi shi ba. Don kada mutum ɗaya ya buɗe ƙofar ƙasa a ɓoye ne."

"To yaushe za su zauna?"

Ya tattara kwanukan. Ya ce, "Suna da manyan abubuwa a gabansu. Ga 'yan fasa-ƙwauri, ga maganar makamai, ga maƙwabta suna fushi an toshe musu hanyar abinci. Ƙafar Baban Talatu tana bin layi."

Kwana uku ina haye gada ina zama a barandar ofishinsu. A na uku Malam Dogara ya fito da takarda, ogansa ya sa hannu. Ya karanta mini da Hausa: su dai a ɓangarensu ba su hana ba, wakilinsu na can ya tabbatar mutumin ba shi da lafiya, suna roƙon duk wanda takardar ta isa gare shi ya taimaka. Kwana goma take aiki. Ya ce, "Fayil ɗin ya tafi Legas. Oga ya ce ki jira sigina."

Na ce, "Kai fa, me ka ce?"

Ya ce, "Ni ban ce komai ba. Takardar kabon dai na sa guda uku da nake bugawa, don ta fito kwafi huɗu." Ya miƙo mini takarda huɗu iri ɗaya, ta sama baƙa wuluk, ta ƙasa da kyar ake ganin rubutunta. "Ki riƙe duka. Ba a san inda za a nema ba."

Washegari na bar wa ƙanwata rumfa da yara, na ƙulle takardun a leda, na cusa a cikin zane, na nufi tashar Kawo. Fijo muka shiga, an cusa mu kamar buhunan masara. Kusa da ni wata mata ce 'yar Binuwai, matar ɗan sanda, za ta Katsina. Tun daga Zariya take ba ni labarin surukarta, har muka rabu ba ta kai ƙarshe ba. Shingen hanya kuwa ban ƙirga ba. Kowanne a sauke mu, mu yi layi, don zamanin layi ne, ko fitsari za ka yi sai ka bi bayan wani. A shingen farko na zaro takardata da alfahari na miƙa. Ɗan sandan ya duba sama ya duba ƙasa ya ce, "Madam, ni tayar mota nake dubawa." Duk motar aka kwashe da dariya. Daga nan na koyi barin takarda a cikin zane sai an tambaya. Kunun tsamiyar da na ɗuro a jarka kuma ya zube a bayan mota, ya jiƙe zanen da na tanada don shiga ƙasar waje. Haka na shiga ƙasar mutane ina warin tsamiya.

Garin bakin iyakar ba zan faɗi sunansa ba. Kasuwa ce babba, an ce da can ba wurin sa ƙafa, amma na iske rumfuna a rufe, awaki suna kwance a kan tebura. Rumfa ɗaya ce ke hayaƙi, ta wata mai abinci, Hajiya Indo. Doguwa ce, ga murya, tana magana kamar tana faɗa alhali ba faɗa take ba. Ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "'Yar kudu, me ya kawo ki inda kowa ke gudu?" Da na gaya mata, ta ce, "Allah sarki. Ajiye kayanki." A ɗakinta na sauka, kan tabarma, tare da wasu mata biyu da rufe iyaka ya raba da gidajensu. Abinci kuwa gero da safe, gero da rana, gero da yamma. Tuwon gero, fura, kunu. Ni da na saba da gwaten acca da doya, cikina kwana biyu yana yi mini ƙorafi.

Da safe na tafi bakin iyaka. Sanda ce aka gitta a kan ganga biyu, shi ke nan. Na tsaya ina kallonta, na ce ashe wannan ce ta raba ni da mijina wata bakwai.

Na fara da ɗakin shige da fice. Wani siriri ne mai tabarau, mai ladabi ƙwarai. Ya karanta takarda har sau biyu ya ce, "Mama, takardarki mai kyau ce. Ban ƙi ba. Amma sigina ba ta zo mana ba, kuma iyaka yanzu a hannun soja take. In Saje ya sa hannu, ni ma zan sa a ƙasan nasa."

Na je tantin soja. Sajen baƙi ne ƙato, ɗan Filato, da ya ji Hausata ya tambaye ni garinmu, har muka gano ya taɓa zama a barikin da ke kusa da mu. Na ce to Allah ya kawo ɗan'uwa. Ya ce, "Sista, oda na oda. Ni an ce in tsare, ba a ce in buɗe ba. Ban ma san kalar takardar mutane ba, wannan aikin mai tabarau ne. In kwastan ya duba ya ce ba ki ɗauke da komai, ya sa hannu, ki dawo."

Na je kwastan. Wani mai tumbi ne, yana fifita da fayil. Ya zazzage jakata, ya shinshina zanen tsamiya, ya yamutsa fuska. Ya ce, "Hajiya, ni kaya nake dubawa, ke kuwa ba kaya ba ce. Kin ga wancan?" Ya nuna da leɓe. "In bai sa hannu ba, wanda duk ya riga shi ya shiga uku."

Wancan ɗin wani mutum ne a gindin dalbejiya, riga 'yar shara, yana karanta jarida. Na tuna cokalin Malam Dogara. Na durƙusa na gaishe shi, "Ranka ya daɗe." Bai sauke jaridar ba ya ce, "Baiwar Allah, ni ba ma'aikaci ba ne, iska nake sha." Na juya zan tafi sai na ji ya ce, "Yaya ƙafar Yakubu?" Ban gaya wa kowa sunan maigidana a garin nan ba. Na dawo na miƙa masa takarda. Ya duba ya ce, "Mu ba ma fara sa hannu. Mu na ƙarshe ne. Je ki wurin shige da fice."

Kun ji zagayen. Haka na yi ta yinsa kwana huɗu, safe da yamma. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni, har kujera suke ba ni. Da ma zagina suka yi, da na sami abin yin fushi da shi. Kullum Saje ya shiga wurin rediyonsa ya fito yana girgiza kai, "Sista, notin," wato sigina ba ta zo ba. Kullum in zauna a bakin ganga ina kallon hanyar da ta miƙe zuwa inda mijina yake kwance, ina lissafin kwanakin takarda, ina lissafin inda kumburi ya kai. Gajiyar da na yi a kwana huɗun nan, ko haihuwar Talatu ba ta ba ni irinta ba.

Zaman banza ba ya yi mini, sai na kama wa Hajiya Indo aiki. Nan na ga abin mamaki. Mutum huɗun nan da ba sa taka ɗakin juna, in rana ta take duk a rumfarta suke cin abinci, benci ɗaya, suna tsokanar juna. Na kwastan ya ce wa Saje, "Soja birgimar hankaka," Saje ya ce masa, "Tumbin nan ma ya kamata a biya masa haraji." Ni ina wanke kwano ina saurare. Ran nan na ji mai tabarau yana cewa a hankali, "Matar nan tana ba ni tausayi wallahi." Na kwastan ya ce, "Wa ba ta ba tausayi? Amma in abu ya ɓaci, hannun da ke sama za a nema. Ka manta wanda aka mayar gadin sito?" Saje ya ce, "Ni ko na biyu zan iya zama. Na farko ne ba zan zama ba." Mai jarida kuwa ya tura wa Saje sauran namansa.

Ashe ba ƙi suke ba. Tsoron zama na farko suke.

Da suka tashi na gaya wa Hajiya Indo abin da na ji. Na ce, "Hajiya, a ƙauyenmu in an gama ɗaura jinkar ɗaki a ƙasa, ba wanda yake fara ɗagawa. In mutum ɗaya ya riga, jinka ta karkace, ta faɗo a kansa. Maza suke kewaye ta, kowa ya kama gefensa, tsoho ya yi kira, a ɗaga gaba ɗaya. In ta hau lafiya, ba a cewa wane ne ya ɗora."

Ta ajiye muciya ta ce, "Takardar taki guda nawa ce?"

Na ce, "Huɗu."

Ta ce, "'Yar kudu, gobe ke za ki yi girki."

Ranar da takarda ta cika kwana shida na yi musu shinkafa da wake irin ta bakin masaƙa, da manja da yajin da na taho da shi daga Kakuri. Saje ya ci har yana share ido, ya ce rabonsa da wannan tun yana Kaduna. Da suka wanke hannu, Hajiya Indo ta tsaya a bakin rumfa ta riƙe ƙugu ta ce, "Ba mai tashi. Baƙuwata tana da magana."

Na ajiye wa kowa takarda ɗaya a gabansa. Na ba su labarin jinka. Na ce, "Ranku ya daɗe, ban ce wani ya riga wani ba. Kowa da tasa takardar. Hajiya za ta yi kira, ku sa hannu lokaci ɗaya. In an tambayi kowannenku, ya ce da ya ɗago kai ya ga sauran ukun sun riga sun sa. Kuma ba ƙarya ya yi ba."

Sai na kwastan ya fashe da dariya har tumbinsa yana rawa. Ya ce, "Wannan a wane littafin doka yake?"

Hajiya Indo ta ce, "A littafin da aka rubuta cewa sai ka ci tuwona kullum."

Mai tabarau ya gyara zama ya ce, "Ni ba zan rubuta na yarda ba. Ba ni da ikon yarda. Na gani kawai zan rubuta."

Saje ya ce, "Gani ai ba laifi ba ne. Ina da ido."

Duk suka juya ga mai jarida. Ya duba takardar da ke gabansa, ya tura wa Saje, ya jawo ta ƙarshen nan mai dishi-dishi. Ya ce, "Wannan ta fi dacewa da ni." Biro uku ne kawai a wurin, sai da aka aro na huɗu a wurin mai shayi. Hajiya Indo ta ɗaga muciya ta ce, "Bismillah, ku ɗaga!" Ni kuma a zuciyata na ce, Yesu ka taimake ni. Biro huɗu suka sauka tare. Bayan nan kowa ya karɓi ta ɗan'uwansa ya sa hannu a ƙasa ba gardama, tun da yanzu akwai hannu a sama. Ba wanda ya yarda in wuce. Dukansu dai sun gani. Saje da kansa ya ɗaga mini sandar, yana kallon wani wuri daban.

A amalanken jaki na ƙarasa shingen Nijar. Jandarmominsu, wato 'yan sandan can, sirara ne, kakinsu a goge, suna sara maka kafin su hana ka. Hausa suke yi kamar mu, sai dai in sun juya ga takarda sai su koma Faransanci. Suka ga hannu huɗu, suka buga hatimi, na sami motar da ta kai ni garin.

Na iske Baban Talatu a kan gadon asibiti. Da ban ji muryarsa ba da na wuce shi. Mutumin da ƙofar ɗakinmu take yi wa kaɗan ya koma kamar sanda, gemu ya cika fuska. Ƙafar tana naɗe, ɗakin yana wari. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ke da ba kya haye gada?" Na ce, "Rufe mini baki." Daga nan muka yi ta kuka, har wani tsoho da ke gadon kusa ya ce mu rage wa gobe.

Mutanen can sun riƙe shi da amana, wannan sai na faɗa. Wani mai gyaran taya ne yake kawo masa fura kullum, bai haɗa komai da shi ba. A gidansa na sauka. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga tauri, in ba ka tsoma a shayi ba sai ya yanka maka dasashi. Shayin kuma a ɗan ƙaramin kofi, baƙi, ɗaci kamar maganin zazzaɓi, sai an yi zagaye uku kafin a sallame ka. In rana ta take kuwa gari gaba ɗaya ya rufe, ofis da kanti, kowa ya tafi ya kwanta sai la'asar. Na ce a Kakuri in ka rufe rumfa da tsakar rana, kafin ka farka wata ta gaje masu cin abincinka.

Nasu tsarin daban ne. Likita ya ce ba zai saki marar lafiya ya ƙetare iyaka ba sai da hatimin babban jami'in garin, wanda suke kira kwamanda. A can jandarma da kwastan da kowa da kowa a ƙarƙashinsa suke, hatiminsa ɗaya ya wadatar. Na ce madalla, ga mutanen da suka san abin da suke yi. Na je ofishinsa aka ce ya tafi rangadi. Na ce mataimakinsa fa? Aka ce yana nan, amma hatimi yana aljihun kwamanda. Kwana biyu ina zaune a barandarsa. Mu namu kai huɗu, ba mai son ya riga. Su nasu kai ɗaya, in ya fita gari ya tsaya cik. Ban san wanda ya fi gajiyar da talaka ba.

Ranar ta tara da yamma ya dawo, ƙura har gira. Bai ko zauna ba ya karanta, ya buga hatimi, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Abin da na jira kwana biyu bai kai tsawon shan ruwa ba.

Ranar ta goma, ranar ƙarshen takarda, muka iso shinge. Motar atamfa dai mun baro ta a hannun mai gyaran taya, Baban Talatu yana waiwayenta kamar ya bar ɗa. Tsakanin shingensu da namu akwai 'yar tafiya, ba a barin mota ta bi, mai jaki kuma bai fito ba ranar. Na sami kurar ruwa, aka kwantar da shi a ciki, na kama turawa cikin yashi. In tura, in tsaya, in tura. Ƙafafun kurar suka nutse, na yi na yi ta ƙi motsi. Na zauna a ƙasa, ko kukan ma ba ni da ƙarfinsa. Sai na ga inuwa a kaina. Mai jarida ne, ya naɗe jaridarsa ya cusa a aljihu. Ya kama kurar ya ce, "Sannu Yakubu." Shi ya tura har gindin ganga. Da na buɗe baki zan yi godiya ya ce, "Baiwar Allah, ni ban zo nan ba."

A bakin sanda gabana ya faɗi, don an canza Saje, wani sabo ne ban san shi ba. Ya karɓi takarda, ya ga hannu huɗu da hatimi biyu, ko tambaya bai yi ba ya sa nasa a ƙasa. Haka kowane shinge har Kaduna, kowa ya gani sai ya ƙara nasa, har da waɗanda tayar mota suke dubawa. Kafin mu iso Kawo ba sauran wurin rubutu a jikinta. Da za mu bar garin bakin iyaka kuwa, Hajiya Indo ta cusa mini ƙullin fura a jaka, ta ce, "'Yar kudu, in an buɗe hanya ki aiko mini da yajin nan." Har yau maganar tana cikin raina.

A asibiti a nan gida an cire masa yatsu biyu, amma ƙafa ta tsira. Likitan ya ce da mun ƙara ko 'yan kwanaki, da wani zancen ake yi. Yanzu yana dogara sanda zuwa bakin ƙofa, yana yi wa yara faɗa, yana cewa miyata ta fi ta da gishiri. Ni kuwa sati biyu na yi bayana bai miƙe ba, kuma na gaya wa kowa, ko bikin 'yata za a yi a hayin gada sai dai a kawo mini hoto.

To shekaranjiya da yamma, wata biyu cif da dawowarmu, ina tuƙa tuwo sai ga Malam Dogara da sauri, ko gida bai biya ba, riƙe da ambulan. Ya tsaya a tsakar gida, ya kalli Baban Talatu da ke zaune a tabarma yana cin gyaɗa, ya kalle ni. Ya share gumi ya ce, "Maman Talatu, albishirinki. Manya sun zauna a Legas. Sun amince. An buga wa kowa sigina, soja da kwastan da shige da fice da su o'o. Oga ya ce in gaya miki kina iya tafiya ki ɗauko mijinki."

Baban Talatu ya ce, "To Allah ya kiyaye hanya. In kin je ki gaishe shi."

Malam Dogara bai yi dariya ba. Ya ce wai ana so in je ofis ranar Litinin in sa hannu na karɓi izini, in kuma faɗi ranar da zan tashi, don a sanar da bakin iyaka su shirya. A takardar gwamnati, mijina yana can kwance har yanzu. In na ce ya dawo, za a tambayi wanda ya buɗe sanda, kuma mutum huɗu da suka ci shinkafata za su amsa tambaya. In na yi shiru, ga Legas gaba ɗaya tana jira in haye gada. Ambulan yana nan ƙarƙashin matashina, Litinin kuma jibi ce. Ku da kuka dame ni da tambaya, yanzu ni zan tambaye ku: in ku ne, me za ku je ku gaya musu?